Aikin dare da kitsen jini: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Likita an ce in zo gwajin kitsen jini ba tare da na ci komai ba, kuma daga dutin dare zan wuce.

Amsa: Awa 9 zuwa 12 ruwa kawai. In ba za ka jure ba bari sai ranar hutunka.

Tambaya: Ni siririya ce, kitse zai iya taruwa min a jini?

Amsa: Sosai ma 'yar'uwa, ba sai mai tumbi ba. Ki je a gwada ki.

Tambaya: Shekara 6 ina aikin dare a masana'anta, gwaji ya nuna tiraigilisaraid ɗina, wato wani nau'in kitsen jini, 310. An rubuta min magani amma abokin aikina ya ce in ajiye, in dinga shan khal da tafarnuwa kafin in kwanta, wai yana narkar da kitse.

Amsa: Malam don Allah kar ka ajiye maganin nan. Wallahi zancen khal ɗin nan ya ishe ni, jijiyar jini ba kwanon miya ba ce da za a zuba tsami a wanke maiƙo! Khal ba ya wanke jijiya, sai dai ya ci haƙora ya ƙona maƙogwaro, ka kwanta kuma ƙwannafi ya taso.

Abin da ke faruwa shi ne jiki yana da nasa agogon, har hanta, da dare ba ya kwashe kitse daga jini da sauri kamar rana, shi ya sa abincin da ka ci ƙarfe 2 na dare kitsensa ya fi daɗewa yana yawo fiye da irinsa da azahar. Ga ƙarancin barci, ga lemon kwalba da shayi mai sukari da ake korar gyangyaɗi da su, hanta kuwa sukarin take mayarwa kitse. Haka ake yawan ganin masu aikin dare, tiraigilisaraid sama, kolestarol mai kyau wato HDL ƙasa.

Ana so tiraigilisaraid ya zama ƙasa da 150, naka ya ninka, kuma ba ya ciwo balle ka ce ka ji sauƙi. Ci babban abincinka kafin ka shiga aiki, tsakar dare abu mara nauyi da ruwa, ka rufe labule ka nemi barcin awa 7. Ka koma wajen likitanka a sake gwaji, a duba suga da hawan jini ma. In ka ji ƙirji ya ɗaure ko ɓari ɗaya na jiki ya yi rauni kar ka jira a tashi aiki, asibiti kai tsaye.

Tambaya: Maganin kolestarol an ce da dare ake sha, ni kuwa da rana nake barci.

Amsa: Ya danganta da irin maganin: simvastatin da yamma, atorvastatin kowane lokaci muddin lokaci ɗaya ne kullum. Faɗa wa likitanka jadawalin aikinka kafin ka canza.