Littafi yana zubar da shafuka: in sayi injin gam ne?

Wani mai shagon fotokofi kusa da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi ya aiko da tambaya. Kundayen da yake haɗa wa ɗalibai da farin gam suna zubar da shafuka, ana dawo masa da su. Ko ya ci bashi ya sayo injin gam mai zafi daga Kano?

Malam, dakata da maganar bashi tukuna. Sau da yawa ba gam ɗin ke da laifi ba, yadda ake shafa shi ne.

Farin gam, wato PVA, ba ya kamawa sai ruwan jikinsa ya fita. Masu shago da dama suna tsarma shi don ya yi auki, kuma nan asarar take: ka tsimi gam na dala ashirin, wato sefa 100, ka sake buga kundi mai shafi 100 da takardarka da tawadarka, ga ɗalibin ya tafi yana ba abokansa labari. Bar shi da kaurinsa. Kafin ka shafa, matse takardun tsakanin katako biyu, ka ɗan tsattsaga gadon bayan littafin da ƙaramin zarto don gam ya samu wurin shiga. Shafa sirara sau biyu, ka bar ta farko ta sha iska. Wannan tsagar ta fi zama dole a takarda mai sheƙi ta hotuna, domin ba ta tsotsar gam.

Yanayin Maradi ma yana da nasa hannun. Da hunturu gam yana yin fata tun kafin ka ɗora bango, don haka ka riƙa ɗiba kaɗan kana rufe gwangwanin. Da damina ka danne littafin ya kwana, ko da mai shi yana tsaye a kanka. Gam ɗin takalmi kuwa ka bar wa masu gyaran takalmi, yana ɓata takarda.

Injin yana da sauri, ba musu. Amma gam ɗinsa sai ya kai wajen digiri 160 zuwa 180 yake narkewa yadda ya kamata, in aka ɗauke wuta aiki ya tsaya, in kuma ya daɗe yana dahuwa a tukunya sai ya yi duhu ya riƙa karyewa. Littafin da aka bari cikin mota a zafin Afrilu yana iya sakin shafuka. Kuma aikinka na kaka ne, lokacin da ɗalibai ke miƙa kundi, shi kuwa bashi kowane wata ake biyansa.

Gwada gyaran nan a littafi goma. Washegari ka kama shafi ɗaya na tsakiya, ka ɗaga littafin da shi. In bai fita ba, ci gaba da farin gam. Ranar da ka fara mayar da masu kawo aiki saboda hannu ya kasa, ka lissafa abin da kake rasawa a wata da sefa, ka kwatanta da abin da za ka riƙa biya na bashin.