Amsar kawunka kan rigar leshi, kitso da sarƙar wuya

Wa'alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka, abin da ka tambaya ba na amsar tsaye ba ne shi ya sa na bari sai da na samu zama, kuma ka san yatsun nan nawa da waya sai a hankali. Ka ce wani yaro mawaƙi ya kawo ɗinki shagonka na Kasuwar Barci, rigar leshi ruwan hoda shara-shara da wando mai faɗin da in mutum ya tsaya sai a ɗauka siket ne, babanka ya gani a rataye ya ce in ka ƙarasa ɗinkin nan kar ka ƙara cin tuwon gidansa, ya haɗa da sarƙar da kake sawa a wuya da sumar da ka tara kana shirin kitsewa. Kana tambaya wai addini ne ya hana, ko al'ada ce, ko kuwa mu tsofaffi ne dai ba ma son ganin sabon abu.

Duk ukun akwai a ciki, kuma in ranmu ya ɓaci cakuɗa su muke yi mu watsa wa yaro gaba ɗaya.

Babanka da kake gani da carbi yanzu, tambaye shi me ya sa a jikinsa lokacin kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan da aka yi wa ma'aikata wajen 1975. Muna samari a Kakuri lokacin, masaƙu na aiki dare da rana, KTL tun 1957 take, ga UNTL ga Arewa Textiles, in aka tashi aiki titi cika yake da kekuna. Wandon da ake yayi a cinya ya matse, daga gwiwa ya buɗe har ƙafarsa na sharar ƙasa, riga ƴar ƙarama ta kama jiki an buɗe maɓalli biyu ko uku ƙirji a waje, takalmi mai tudu, suma an tara ta an soka mata matajin ƙarfe. Kakanku Allah ya jiƙansa cewa yake yi mun zama ƴan iskan bariki, kuma ba ya yarda a shiga zaurensa da kai babu hula, sai ka tsaya a waje ka lalubo ta daga aljihu ka ɗora a kan sumar nan ko zama ba ta yi. Bayan an kafa Izala a Jos a 1978 samari suka fara ɗage wando sama da idon sawu, shi ma dattawa suka ce wannan wace irin shiga ce kamar za a tsallake rafi, yau ga shi limamai ne ke sawa. Jallabiya ma alhazai suka fara shigo da ita daga Makka, da can in ka fita da ita sai a tambaye ka ko daga barci ka tashi. Tazarce kuwa a zamanin Abacha ta samu sunanta, yanzu wa zai ce maka ba kayan gargajiya ba ce. Toh wannan ɓangaren na faɗanmu kar ka ɗauke shi da zafi, zamani riga ne, kowane uba ya yi wa ɗansa irinsa.

Maganar kala ma ba na tare da masu cewa namiji ba ya sa ruwan hoda ko ja. Wa ya ce? Duk wanda ya kalli hawan daba da aka yi nan Kaduna lokacin bikin al'adu na FESTAC a 1977 ya san ado na maza ne a ƙasar nan tun fil azal. Dogarai cikin ja da kore, ƴan lifida da gashin jimina a kwalkwali, hakimai da alkyabba mai walƙiya, rawani ɗan Kura yana sheƙi yana barin shuni a goshi, ga riga barage mai jan ciki, ga aska takwas da mutum zai shafe watanni yana ɗinka wa aiki da hannu. Tsofaffinmu ran Juma'a sai sun rambaɗa kwalli sun fesa turare kafin su tafi masallaci, kowa da ɗan tandunsa na fata, kuma kwalli sunna ne. Ango ma da lalle ake sa shi, abokai su tsare shi kwanaki. Babu wanda ya taɓa cewa sun zama mata.

Amma ga inda nake so ka tsaya ka saurare ni da kyau. Duk waɗannan da na lissafa, mai sa su namiji yake so a gan shi, babban namiji ma. Wanda ya sa alkyabba sarauta yake nunawa, mu da wandon Udoji gayu muke nunawa ƴan mata su kalle mu a ƙofar silima. Abin da addini ya yi magana a kai daban ne, hadisin Ibn Abbas ne yana cikin Bukhari, Manzon Allah (SAW) ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza. Sai zinare da alharini da aka haramta wa maza, zoben azurfa kuwa ya halatta. Wannan ba ni na ƙirƙira ba ba babanka ba, kuma ba ya tsufa. Inda ake samun ja-in-ja shi ne wane kaya ne na mata wane ne na maza, nan kam malamai da yawa sun ce al'adar garin da kake ciki ake dubawa. Alhaji ya ɗaura harami a Makka zane ne da mayafi, mutanen Indunusiya da na Yaman maza da zani suke zuwa masallaci, Urobo da Ijo da kake gani a Sabon Tasha in suna biki maza zani suke ɗaurawa su ɗora malafa, har sarkin Ingila yana sa ɗan buje in ya je Sikotlan. A wajensu kayan maza ne. Kai ɗaura atamfa ka fito titin Tudun Wada da rana tsaka ka gani ko wani zai ce ai al'adar Indunusiya ce.

Atamfar ma tana da labari. A masaƙar da na yi aiki mu muke buga ta da hannunmu, abokan aikinmu Yarbawa da Inyamurai su saya su ɗinka riga da wando su yi anko, mu Hausawa kuwa sai dai mu kai wa matanmu, ko kyauta aka ba ka ba za ka ɗinka wa kanka ba. Leshi haka, Yarbawa suka daɗe suna babbar riga da shi muna musu dariya, daga baya boyal ya shigo sai ga manyan alhazanmu a ciki. Kaga layin yana matsawa, sai dai a hankali yake matsawa, kuma wanda ya riga kowa tsallakawa shi yake shan bakin mutane.

Na san za ka kawo min maganar kitso, don duk yaran yanzu sun haddace ta, cewa Annabi (SAW) ya shiga Makka da kitso huɗu. Gaskiya ne ruwayar tana nan daga Ummu Hani. Kuma samarin Fulani suna kitso suna sa duwatsu da ƴan kunne, Bororo na Nijar ma a bikin gerewol har fuska suke shafawa su jera ƴan mata su zaɓa, kuma je ka ce wa wanda ke shiga sharo ana zabga masa bulala yana kallon madubi ba namiji ba ne. Ƴan tauri da mafarauta suna barin tukku, mu ma muna yara an bar mana zanko. Duk na yarda. Amma Larabawan wancan lokaci kitso abin mazansu ne, Bafulatani a rugarsu abin samarinsu ne, kai kuma a gidanku wa ke zama a gaban makitsiya in ba mamanka da ƙannenka mata ba? Sannan tsakaninka da Allah, sunna ce ta ja ka ko hoton ɗan ƙwallo da mawaƙan Legas? Akwai kuma hadisin da ya yi gargaɗi kan tufar neman suna, wato ka sa abu don kawai a nuna ka da yatsa, wannan shi yara ba sa son a karanto musu.

Abin da babanka ke tsoro wanda ba zai iya furta maka ba, ni zan faɗa maka tunda ni kawu ne. Kalmar ɗan daudu yake tsoro. Ku kun taso kuna ganin abin a TikTok kuna zaton sabon abu ne daga Turai, alhali mun taso mun tarar da ƴan daudu a tashoshin mota da bakin kasuwa, su ke da tuwo-tuwo da soyayyar kaza mafi daɗi, za ka ga ƙato ya ɗaura zani a kan rigarsa yana tuƙa tuwo, yana tafa hannu yana ce wa ɗan'uwansa ke, habaici kuwa ko kishiyoyi albarka. Direbobi da ƴan kasuwa har da masu rawani a wajensu suke cin abinci, matan manya su ɗauke su girkin biki, da yawansu suna da mata da ƴaƴa, wasu sun je Makka sun fi sau ɗaya. Ba a kore su daga gari ba, amma babu uban da ya taɓa addu'ar ɗansa ya zama ɗaya daga cikinsu. Daga shekarar 2000 da aka fara aiki da shari'a a jihohin Arewa sai suka ja baya, aka rage ganinsu a fili. Toh sunan nan in ya manne wa yaro a unguwa ba ya fita da wanki, ran da ka je neman aure aka zo bincike shi za a fara faɗa, kuma ba kai kaɗai zai taɓa ba har ƙannenka mata. Mu nan ba a sa kaya don kai kaɗai, duk inda ka wuce cewa za a yi ɗan gidan wane ne.

Mu tsofaffin ma ba bakinmu ɗaya ba, kar ka zata. A majalisarmu ta bayan la'asar akwai mai cewa a kama yaran nan a aske su da ƙarfi kamar yadda ake jin Hisba na yi a Kano, akwai mai cewa a yi doka. An ma gwada, a 2022 wani ɗan majalisar wakilai ya kai ƙudurin hana namiji shigar mata, bai zama doka ba, kuma Bobrisky da ake ta misali da shi wata shidan da aka yanke masa a 2024 kan liƙi da naira ne ba kan kayan jikinsa ba. Ni dai ba na cikin masu cewa a tare yaro a titi a wulaƙanta shi, ban taɓa ganin wanda almakashin dole ya shiryar ba, sai dai ya bar gari ya tafi Abuja ko Legas ya yi wanda ya fi. Kuma wani abin da ke ba ni haushi da mu, mutum zai zauna yana tsine wa yaro mai ɗan kunne alhali shi ya cinye gadon marayu yana cikin gezna ta dubban nairori, babu mai ce masa uffan saboda hularsa zanna ce. Wannan ma a faɗe shi.

Yanzu batun ɗinkinka. Wandon ni ban ga laifinsa ba in dai wando ne mai ƙafa biyu, kakanninmu sun sa wanda ya fi shi faɗi suka hau doki da shi. Rigar ce abin dubawa, in shara-shara ce har ana ganin ƙirji kuma yankan na mata ne mai kama ƙugu, ni a ganina kar ka sa almakashinka, kai ma kana da kaso a abin da hannunka ya ɗinka. Kira yaron ka tambaye shi a ina zai sa, ka ba shi shawara a yi mata shafi daga ciki a yi mata wuya da hannu irin na kaftani, kalar ta zauna yadda yake so. Ai aikin tela kenan, ba duk hoton da aka nuna maka a waya za ka kwafa ba. In ya ƙi ka mayar masa da yadinsa da kuɗin da ya fara bayarwa cikin mutunci, ban da zagi ban da yaɗa shi a kasuwa, teloli sun yi yawa a layinku zai samu wani.

Sarƙa kuwa in ta zinare ce cire ta yau, in ma ta ƙarfe ce malamai da dama ba sa so don a nan ado ne na mata, ga zoben azurfa ga agogo ga turare sun ishe ka gayu. Sumar ka rage ta ka gyara, kitson nan ka haƙura da shi muddin kana gidan babanka kana sallah a masallacin layinku. Kuma kar ka tunkare shi da hadisin Ummu Hani a baki kamar mai zuwa muƙabala, wallahi ƙara tunzura shi za ka yi. Fara bi ta wajen mamanka ta sanyaya shi, sannan ka same shi bayan isha in ya ci abinci, ka durƙusa ka ce Baba na ji maganarka ga yadda na yi da ɗinkin. Ni ma zan kira shi gobe in sha Allah, zan tuna masa wandon Udoji amma ba a gabanka ba. Ka gaida mamanka, ka ce mata maganin ƙafar da ta aiko ya iso.