Me ya sa kiɗan Super Nintendo yake fita a dushe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun muna yara na lura cewa kiɗan gem na Super Nintendo yana kama da na kayan kiɗa na gaske amma a dushe, shi kuwa na Sega Mega Drive kaifi gare shi kamar ana buga ƙarfe. Ina dalili? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kunnenka bai yaudare ka ba, domin na'urorin biyu ba hanya ɗaya suke bi wajen samar da sauti ba. Sega ta shekarar 1988 tana ɗauke da cif (ƙaramar na'urar lantarki) ɗin Yamaha YM2612 mai tashoshi 6, wato yana iya fitar da sautuka shida lokaci guda, wanda yake ƙirƙirar mafi yawan amonsa ta hanyar lissafi, kuma daga nan kaifin ya samo asali.

Super Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1990, kamfanin Sony ne ya ƙera mata sashen sauti a ƙarƙashin injiniya Ken Kutaragi, wanda daga baya ya jagoranci aikin PlayStation. Cif biyu ne suke aiki tare: SPC700 yana karanta tsarin waƙar yana ba da umarni, S-DSP kuma yana ɗauko gutsattsarin sautin da aka naɗa daga kayan kiɗa, ya ɗaga muryarsu ko ya sauke, ya haɗa tashoshi 8, sannan ya fitar da su sau 32,000 a kowace daƙiƙa.

Matsalar ita ce ƙarancin wurin ajiya. Kilobait 64 kacal aka ware wa sauti, kuma a ciki ne manhajar kiɗan da waƙoƙin da gutsattsarin za su zauna gaba ɗaya. Saboda haka ake matse kowane bait 32 na sautin da aka naɗa ya koma bait 9, a yanke sautin sarewa ya zama ɗan guntu, a sa shi ya riƙa maimaita kansa. Hatta amsa-kuwwar da take ba kiɗan faɗi daga wannan ma'ajiya take cin rabonta, kuma idan aka kai ta ƙarshen tsawonta tana lashe kusan rabi.

Dushewar da ka ji kuwa, lokacin da S-DSP yake sauya muryar gutsure yakan cike giɓin da ke tsakanin ɗigon sauti da wani lissafi mai sulɓi, wanda yake aske siraran amo na sama. A ganina wannan ya yi wa kaɗe-kaɗe masu sanyi rana, amma a wasannin tsere da faɗa, inda ake son kiɗa mai ƙarfi, sau da yawa Sega ce take yin zarra.