Hazo-hazo a ido bayan tashi daga aikin katifa

Tambaya: Likita, a kamfanin katifa nake aiki, wurin haɗa kumfa. Idan na tashi da yamma sai in riƙa ganin hazo shuɗi-shuɗi, fitilun mota kuma da zobe kewaye da su. Da safe ya washe. Makanta ce ke tafe?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, amma kada ka yi sakaci. Abin da ka kwatanta sananne ne ga masu aiki da sinadaran amin, waɗanda ake zubawa don kumfar ta tashi da sauri. Wanda aka fi sani da wannan ɓarna shi ne wanda za ka ga an rubuta triethylamine a jikin duro, mai ƙarnin kifi. Tururinsa na narkewa cikin ruwan ido, sai fatar nan mai kama da gilashi da ke gaban ƙwayar ido ta sha ruwa ta kumbura, haske ya tarwatse. Yawanci kumburin kan sauka cikin sa'o'i, shi ya sa kake wayar gari lafiya.

Abin da ya fi damuna shi ne hanyarka ta komawa gida. Mutumin da ke ganin hazo bai kamata ya hau mashin da magariba ba, ko ya tsaya gaban injin yanka.

Hazon nan kuma shaida ne cewa tururin da ke cikin iskar wurin ya wuce kima. Ana auna shi da ppm, wato kashi nawa cikin miliyan. Hukumar OSHA ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata, har yanzu tana kan ppm 25 na aikin awa 8, tsohon adadi tun 1971 wanda ba ya kare ido. Tarayyar Turai ta tsayar da ppm 2, da ppm 3 na minti 15. Ƙungiyar ACGIH, ta masana lafiyar wurin aiki a Amurka, ta sauko har ppm 0.5. A Suwidin an ga ma'aikatan kumfa na wannan kuka a wajen ppm 3, don haka ni ƙananan adadin nake ɗauka.

Takunkumin takarda ba ya tare tururi, gilashin da gefensa ke buɗe ma haka. Gyaran gaskiya na kamfani ne: bututun zuƙe iska daidai inda ake haɗi, rufe durorin, da auna iskar. Kafin nan, a ba ka takunkumi mai rufe fuska duka, mai matatar da aka yi don amin, da safar hannu, domin sinadarin yana ratsa fata. Idan ruwansa ya fantsama a ido, wanke da ruwa mai gudu aƙalla minti 15, sannan asibiti nan take. Wannan ƙuna ce, tana iya barin tabo. Sinadarin yana kuma kama wuta da sauri.

Ka nemi takardar bayanin sinadarin a wurin shugabanka, ka kai wa likitan ido. In kana tari ko ƙirji na toshewa da dare, faɗa masa, domin sinadarin TDI da ake haɗa kumfa da shi na jawo asma.