Malti-kilas ko duwal-kilas a wasan kwamfuta na Baldur's Gate, wanne ya fi?

Ɗan'uwa, ka ce kana son haɗa mayaƙi da matsafi amma ka rasa wanne za ka ɗauka. Ni ma na sha wannan ruɗanin.

Malti-kilas, wato gwarzonka ya riƙe aji biyu (kamar mayaƙi da matsafi) a lokaci ɗaya, na waɗanda ba mutane ba ne, irin su elf ko gnome, kamar Jaheira, ɗaya daga cikin abokan tafiyarka a wasan, da take mayaƙiya kuma druid (matsafiyar daji). Makin da ka samu ana raba shi biyu, ajujuwan na tashi tare, a hankali dai amma ba ranar da za ka zama mara amfani.

Duwal-kilas kuwa, wato ka fara da aji ɗaya daga baya ka koma wani, mutum ne kaɗai ke yi, kuma sai kana da 15 a babban sifar ajin farko da 17 a na biyun, wato ƙarfi 15 da basira 17 in daga mayaƙi za ka koma matsafi. Nan mutane ke faɗawa rami, su manta basirar tun wajen ƙirƙirar gwarzon. Kana canzawa ajin farko ya tsaya har abada, ƙwarewarsa kuma ta kulle sai sabon ajin ya wuce shi da lebel ɗaya, to wannan tsakanin wallahi wahala ce, musamman a kashi na ɗaya na wasan da maki ke tsayawa a 161,000. A kashi na biyu ne abin yake biya, ka canza a lebel 9.

In karon farko ne, ɗauki malti. In ka nace sai duwal, yi sebin (adana wasan) kafin ka danna, kuma ka nuna wa tsoffin 'yan wasan lambobin gwarzonka su duba maka tukuna.