Ga ɗan'uwan da yake son bareyi su riƙa zuwa bayan gidansa

Malam, barka da tarewa. Ka ce kun koma ƙauye a arewacin jihar New York, kana son yara su riƙa ganin barewa, shi ne kake tambaya ko ka zuba musu masara da gishiri. Don Allah kada ka zuba. Shekarata tara a irin wannan ƙauyen, kuma da niyya irin taka na zo.

A jihar nan doka ta hana ciyar da barewar daji, har ajiye mata gishirin lasa, irin yadda muke ba shanu kanwa a gida. Dalilin dokar shi ne wata cutar ƙwaƙwalwa mai kama bareyi da ake kira CWD, wadda aka fara gani a jihar Colorado a 1967. Ba ta da magani, kuma ta yawu da fitsari take yaɗuwa, to ka ga idan baki goma suka taru a kan tsibin masara ɗaya an gama. Ita masarar ma da hunturu illa ce. Tumbinsu ya saba da tsinke da ɓawon itace, idan suka cika shi da hatsi farat ɗaya sai ya yi tsami, kamar dai tunkiyar da ta faɗa rumbu.

Ba ka ma buƙatar kiransu. Shekarar farko na yi 'yan kunyoyi na wake da alayyafo da yakuwa, har ina ɗaukar hoto ina tura wa mutanen gida. Wata asuba na fito na tarar da kara tsaye, babu ko ganye, ga sawun kofato da 'yan ƙwayoyin kashi kamar na akuya. Shingena ƙafa 4 ne, su kuwa sai ƙafa 8 ke tare su. Uwargida ta yi mako tana min dariya.

Abin da na yi daga baya: na killace lambun, na bar kusurwar da ke bakin daji ban yanke ciyawarta ba, na dasa tuffa biyu. Yanzu da asuba da magariba muna kallonsu ta tagar kicin.

Amma ka kula da kaska. Inda barewa take yawa, kaskar da ke kawo wa mutum cutar Lyme, mai sa zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, tana nan, ƙaramarta ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Duk yaron da ya shiga ciyawa a duba masa bayan kunne da hammata kafin ya kwanta. Ka ga jan zobe a fata, sai asibiti.

Wajen Mayu da Yuni za ku iya samun ɗan barewa kwance shi kaɗai. Ba maraya ba ne, uwar tana kusa, kada yara su taɓa. A Nuwamba kuma lokacin barbararsu ne, ka rage gudu da daddare. Idan ɗaya ta tsallaka titi ka taka birki, galibi akwai wata a bayanta.