Tambaya da Amsa: Haɗa Tsohuwar Kwamfuta da Sabuwa

Tambaya: Malam, ina da tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows 98 da aka kawo daga Amurka, ta daɗe a ajiye. Ina son kwashe takardun cikinta zuwa sabuwa. Ta ina zan fara?

Amsa: Kafin komai, leƙa bayanta kusa da inda wayar wuta ke shiga. Yawancin irinta suna da wani ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Lambobin ƙarfin wuta ne, wato bolt, kuma wutarmu 230 ce. Idan yana kan 115 ka jona, ƙara za ka ji da ƙauri, akwatin wutar ya tafi. Tura shi zuwa 230 tukuna.

Tunda takardu kawai kake so, ba sai ka ma kunna ta ba. Cire rumbun ajiyarta, wato hard disk. Na wancan zamanin IDE ne, mai faffaɗan baki da ke karɓar waya mai ramuka 40. Na laftof 44 ne. Nemi adaftar IDE zuwa USB wadda ke zuwa da nata abin ba da wuta, domin babban rumbu yana buƙatar bolt 12 da 5, USB kuma 5 kaɗai take bayarwa. Akwai 'yar robar jampa a bayan rumbun, sa ta a Master kamar yadda zanen jikinsa ya nuna. Fara jona wayar bayanai, sai wuta, ka ji ya fara juyawa, sannan USB.

Idan Windows ta ce a yi masa fomat, kada ka yarda, domin fomat yana goge abin da ke cikinsa. Idan kuma ka ji yana ƙas-ƙas a kai a kai, kashe shi, kan da ke karantawa ne ke neman lalacewa. Kwafi mafi muhimmanci da farko, kuma kada ka buɗe wani fayil mai .exe sai an bincike shi.

Tambaya: Tawa mai Windows XP ce kuma tana aiki. In sa ta a rautar gida?

Amsa: A'a. Microsoft ta daina yi wa XP facin tsaro na yau da kullum tun Afrilun 2014, kuma tsarin raba fayil da take amfani da shi, SMB1, ta ƙofarsa muguwar manhajar WannaCry ta yi ɓarna a 2017. Shi ya sa sababbin Windows ke zuwa da shi a kashe. Bar shi haka. Ja wayar Ethernet kai tsaye tsakanin kwamfutocin biyu, a saitin sadarwa ka ba wa ɗaya adireshin IP 192.168.50.1, ɗayar 192.168.50.2, ka sa 255.255.255.0 a gurbin subnet mask na kowacce, ka bar gurbin gateway babu komai. Sai ka tura fayil ta FTP, wata hanyar aika fayil tsakanin kwamfutoci. Kashe Wi-Fi na sabuwar har ka gama.

Tambaya: Wadda ba ta da USB ko Ethernet fa?

Amsa: Sai bakin siriyal mai allurai 9. Kana buƙatar adaftar USB zuwa RS-232, wato tsarin bakin siriyal, da wayar null modem, wadda aka musanya layi na 2 da na 3 a cikinta, na 5 kuma layin ƙasa ne. A kula, ƙananan adaftocin masu harkar Arduino, wani ɗan allon lantarki, na bolt 3.3 ko 5 ne, siriyal kuwa kan kai 12, za ta ƙone su. Jona kwamfutocin a soket guda, ka haɗa wayar suna kashe, sannan ka daidaita gudun aika bayanai na ɓangarorin biyu. Fara da 9600. Idan haruffa suka fito a hargitse, gudun ne bai zo ɗaya ba.